Da in'ina a bakina na shiga karatun lauya

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, sai satin da ya wuce wani ƙanina da ya samu gurbin karatun lauya bana ya kira ni yake cewa, Yaya wai an ce mana kar mu kuskura mu shiga ƙungiyoyin ɗalibai, ɓata lokaci ne, mu riƙe littafi kawai, ya kake gani? Na yi shiru a waya har sai da yace Yaya kana jina kuwa. Ina jinsa sarai, amsar ce ta fi ƙarfin waya, to shine na zauna na rubuta masa, kuma nace bari in bar shi a fili ko akwai wani irina da zai amfana.

Ni dai ina da in'ina tun ina yaro. Ba mai tsananin nan ba da mutum zai kasa haɗa magana, amma idan hankalina ya tashi ko idanu suka yi min yawa sai harafin farko ya maƙale min a maƙogwaro, musamman "b" da "k", in yi ta fama dashi gumi na keto min. Da na ce lauya zan karanta mutane da yawa sun tausaya min, wasu a gabana wasu a bayan idona, don kowa ya san lauya bakinsa ne jarinsa. Nima sai na yanke wa kaina hukunci tun kafin in fara, nace zan zama irin lauyan da ke zaune a ofis yana rubuta takardu, kotu kuma sai dai in hango ta daga nesa. Shekarar farko kaf hanyata uku ce, aji, laburare, ɗaki. Ban taɓa ɗaga hannu a lakca ba ko sau ɗaya ko da kuwa na san amsar. Sakamako ya fito da kyau sosai, na ƙara sakankancewa cewa hanyar da na ɗauka ita ce daidai.

Farkon shekara ta biyu ne, satin da ƙungiyoyi ke jera tebura a bakin tsangaya suna neman sababbin mambobi, ga masu muhawara, ga masu mujallar ɗalibai, ga ƙungiyar ɗaliban lauya ta gaba ɗaya da masu neman kujerunta, ga masu kare haƙƙin ɗan Adam, ga ƙungiyoyin addini da suke shirya wa ƙananan aji bita kafin jarabawa, ga kuma masu kotun gwaji da ɗalibai ke kira mut kot. Na sunkuyar da kai zan wuce kamar kullum sai wata 'yar ajin ƙarshe, ita ce shugabar kotun gwajin a lokacin, ta tare ni tace ƙanina kana da agogo? Nace eh. Tace to yamma da ƙarfe huɗu ka zo ɗakin taro, wanda ke riƙe mana lokaci bai zo ba, ba magana zaka yi ba, kwali kawai zaka ɗaga. Wallahi wannan kalmar ta "ba magana zaka yi ba" ita ta kai ni, da tace zo ka gwada da har yau ban je ba.

Ga wanda bai sani ba, kotun gwaji ba irin shari'ar nan bace da ake kawo shaidu ana musu tambayoyi. Ana ƙirƙiro rikici ne a rubuce, abin da ya faru an riga an yarda dashi ba a jayayya a kai, abin da ya rage shine me doka tace. Ɗalibai biyu su tsaya wa mai ƙara, biyu su tsaya wa wanda ake ƙara, alƙalai kuma, galibi lakcarori ne ko lauyoyin da ke aiki ko manyan ɗalibai, suna da damar katse ka a kowane lokaci su jefo tambaya. Aikina shine in zauna a gefe da kwalaye biyar, an rubuta 10, 5, 3, 1, na ƙarshe kuma TSAYA, in riƙa ɗagawa mai magana ya san mintin da ya rage masa.

Zango guda cur na yi a kan kujerar nan, kuma abin da na gani daga wurin ba wanda ke zaune a cikin 'yan kallo da zai gan shi. Kujerata tana gefen teburin da mai magana ke tsayawa, don haka ina ganin abin da teburin ya ɓoye. Akwai wani da duk tsangaya ake ji dashi wajen iya magana, murya kamar ta mai karanta labarai, amma daga inda nake ina kallon ƙafarsa ta hagu tana rawa tun daga sallama har ya zauna, yatsunsa sun damƙe bakin teburin har jijiyoyi sun fito. Ashe kowa da tsoronsa yake tsayawa. Abu na biyu da na lura dashi, saboda ni ke tattara takardun maki in kai wa shugabar tamu da muke kira Yaya, shine ba mai zuba kamar famfo ke cinye maki ba. Wanda aka tambaya ya tsaya, ya yi tunani, ya amsa abin da aka tambaye shi kai tsaye sannan ya koma kan hanyarsa, shi alƙalai ke so.

Ranar da abin ya fara taɓa ni sosai, ana gardama ne a kan wata ƙara ta sakaci, wani ɗalibi ya kawo shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda duk ɗalibin lauya ya haddace, matar nan ta Sikotilan da aka saya mata kwalbar lemo a wani shago a garin Paisley, ta sha sannan aka tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ba ita ta saya ba don haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da kowa, amma alƙali Lord Atkin ya kafa ƙa'idar nan ta maƙwabci, cewa wajibi ne ka kiyaye kada ka cutar da wanda hankali zai nuna maka aikinka zai iya shafarsa. Ni a kan wannan shari'ar na ci maki mai yawa a jarabawa. Sai alƙalin ya katse yaron yace, lauya, kwalbar Donoghue mai duhu ce a rufe, ba wanda zai iya ganin cikinta tun daga masana'anta har bakin mai sha, a wannan ƙarar da ke gabanmu kuwa dillali ya buɗe kayan ya duba kafin ya sayar, to me ya haɗa su? Yaron ya daskare. Nima da nake riƙe da kwali na daskare, har na manta ban ɗaga 3 ba. Na san sunan shari'ar, na san shekararta, na san sunan alƙalin, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa duhun kwalbar yake da muhimmanci ba. Daren nan na koma laburare na karanta hukuncin kansa, ba taƙaitawar da ke cikin handawut ba, karo na farko a rayuwata.

Daga nan na fara miƙa wa masu magana 'yan takardu bayan an tashi, ka duba shari'a kaza, akwai amsar tambayar da aka yi maka a sakin layi kaza. Yaya ta lura. Da lokacin Jessup ya zo sai ta sa sunana. Jessup ita ce gasar kotun gwaji mafi girma a fannin dokar ƙasa da ƙasa, tun 1960 ake yinta, an sa mata sunan Philip Jessup, Ba'amurken da ya yi alƙalanci a Kotun Duniya, wato kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Heg a ƙasar Holan mai alƙalai 15, wadda ke sauraron ƙara tsakanin ƙasa da ƙasa, ba waccan mai hukunta masu laifin yaƙi ba duk da ita ma a Heg ɗin take. Kowace shekara ana ƙirƙiro ƙasashe biyu da rikicinsu, ɗaruruwan makarantu a duniya su yi aiki a kan matsala ɗaya, tawaga ba ta wuce mutum biyar, ku rubuta kundin hujjoji na ɓangarorin biyu duka, ku kuma shirya tsayawa a kowanne, waɗanda suka yi nasara a ƙasashensu su haɗu a Washinton. Ni ne na biyar, mai bincike.

Wata huɗu muka yi kusan ba barcin kirki. A nan na koyi cewa sashe na 38 na dokar da ke tafiyar da Kotun Duniyar shi ne ƙofar komai, don shi ya jera inda kotun ke samo doka, yarjejeniyoyi, al'adar ƙasashe da aka karɓa a matsayin doka, ƙa'idojin shari'a na gama gari, sai hukunce-hukuncen baya da rubutun manyan masana a matsayin abin taimako. Na koyi cewa idan kace wani abu al'ada ce ta ƙasa da ƙasa sai ka nuna abu biyu, ƙasashe suna aikata shi, kuma suna aikata shi ne don suna ganin doka ce ta wajabta musu, kamar yadda kotun ta bayyana a shari'ar iyakokin ƙarƙashin Tekun Arewa a 1969 da ta Nikaragwa da Amurka a 1986. Amma abin da ya fi canza ni shine rubuta ɓangare biyu. Da safe in kafa hujja in ji ba mai iya rushe ta, da dare in zauna a kujerar abokin gaba in rushe ta da hannuna. Tun daga lokacin ban ƙara karanta wata doka ba sai na tambayi kaina, to ɗaya lauyan me zai ce.

Ana saura sati uku gasar Yaya tace kowa sai ya tsaya a gwaji, har ni. Nace Yaya ai kin san matsalata. Tace na sani, kuma kai ka fi kowa sanin kundin nan, tashi. Alƙalin ranar wani dattijon lauya ne da aka gayyato. Na miƙe, kalmar farko ta fita lafiya, na yi kamar minti biyu, na kawo shari'ar Nikaragwa, sai ya ɗaga hannu yace, sashe na 59 yace hukuncin kotun nan ba ya ɗaure kowa sai ƙasashen da aka yi shari'ar tsakaninsu, kuma a kan wannan shari'ar kaɗai, to don me kake karanto mana shi? Na san amsar, wallahi na santa kamar sunana, amma "g" ɗin gaskiya ta tsaya min. Ina jin ƙarar fanka, ina ganin yaron da ya gaje ni a riƙon kwali ya sunkuyar da kai. Dattijon nan bai ƙarasa min kalmar ba kamar yadda mutane suka saba yi min, bai kawar da kai ba, ya ajiye bironsa ya zuba min ido yana jira. Da ta fito sai nace gaskiya ne Mai Girma, hukuncin bai ɗaure kotun nan ba, amma sashe na 38 ya ba ta damar duba hukunce-hukuncen baya don gano me dokar take, kuma don haka na kawo shi. Yace ci gaba lauya. Ba wanda ya taɓa kirana lauya kafin ranar.

Ba mu je Washinton ba, an fitar damu tun a zagayen cikin gida, kuma ban yi magana a gasar ba, ina zaune ne a teburin ina miƙa takardu. Mun yi kuka a mota a hanyar dawowa. In'inar ma ba ta tafi ba, har yau tana nan.

To a nan ne na yi kuskuren da ya sa masu cewa ƙungiya ɓata lokaci ce suke da tasu gaskiyar. Da na ji daɗin an san dani sai na buɗe hannu na rungumi komai. Na shiga mujalla, wannan kam ta amfane ni, don aikin da aka ba ni shine bin bayanan ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya in tabbatar shari'ar da marubuci ya ambata ta faɗi abin da yace ta faɗa, kuma zaka sha mamakin yadda manya ma ke kuskure a nan. Ana yawan ba mu misali da mujallar ɗaliban lauya ta Harvard da ɗalibai ke gudanarwa tun 1887, wadda Barack Obama ya zama baƙar fata na farko da ya shugabance ta a 1990. Na shiga muhawara, na shiga kwamitin shirya taro, sannan abokai suka zuga ni na tsaya takarar sakataren ƙungiyar ɗalibai, na kuma ci. Wannan kujerar ba abin da ta bar min sai ɓacin rai. Mitin har tsakar dare a kan abin da bai kai ya kawo ba, guruf ɗin WhatsApp ba ya barci, ƙarshe aka kawo min rahoton kuɗin da mambobi suka biya in sa hannu alhali lissafin bai haɗu ba kuma ba rasit, na ƙi, mutanen da muke kwana muna tashi tare suka daina amsa sallamata. Ana cikin haka jarabawa ta zo, na faɗi dokar filaye, na samu kariyoba, wato sai na maimaita darasin, ni da ban taɓa sanin faɗuwa ba.

Da na kai wa mahaifina sakamakon bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon takardar sannan yace, a cikin abubuwan nan da kake yi wanne ne idan ka bari wani zai cutu? Nace Abba babu. Yace to wanne ne idan ka bari kai zaka cutu? Nace kotun gwaji. Yace riƙe shi, sauran ka sauke. Na ajiye sakatarancin, na fita daga muhawara da kwamiti, mujalla kuma na ƙarasa fitowar da ke hannuna na miƙa.

Kilinik na shari'a shi ne abu ɗaya da na ƙara bayan na gyara kariyobar, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Wuri ne da ɗalibai ke taimaka wa marasa ƙarfi a kan matsalarsu ta shari'a kyauta, ƙarƙashin kulawar cikakken lauya, don ɗalibi ba shi da ikon tsayawa a gaban alƙali ko sa hannu a takardar kotu. Malamar da ke kula damu ta ce mana tun 1933 wani masanin shari'a Ba'amurke, Jerome Frank, ya yi rubutu yana tambaya, yaya ɗalibin likita ke koyo a gefen gadon mara lafiya amma ɗalibin lauya zai gama karatu bai taɓa zama da mai matsala ba. Dokokinta ba yawa amma ba ta wasa dasu. Sirrin mutum amana ne, ko abokin ɗakinka kar ya ji. Ba a karɓar ko sisi. Ba a ba da shawara sai an dawo an tattauna da ita. Ka rubuta maganar mutum yadda ya faɗe ta, ba yadda kake so ta zama ba. Sai ta ƙarshe da ta maimaita sau uku, kar ka taɓa yi wa wanda ke tsare alƙawarin ranar fita.

Aka tura mu gidan yari wajen masu jiran shari'a. Kafin mu je mun karanta sashe na 9 na yarjejeniyar haƙƙin jama'a da siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966, wanda yace duk wanda aka kama a gaggauta kai shi gaban alƙali, a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace ko a sake shi, kuma tsare mai jiran shari'a kar ya zama shi ne abin da aka saba. Mun karanta ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015 kan kula da fursunoni, da suka ce wanda ba a yanke wa hukunci ba mara laifi ne kuma a raba shi da waɗanda aka yanke wa. Da takardun nan a jakata na shiga, gandiroba ya karɓi wayoyinmu a ƙofa, aka ba mu benci a wani ɗan ɗaki, aka fara shigo da mutane.

Wanda ya faɗo hannuna dattijo ne, zai yi sa'an mahaifina, gashin kansa duk ya yi fari. Ya zauna a bakin bencin kamar mai shirin tashi, hannuwansa biyu a tsakanin gwiwoyi. Na gaishe shi, na gaya masa ni ɗalibi ne ba lauya ba, na nemi izininsa in rubuta abin da zai faɗa, sannan nace Baba ba ni labarin yadda aka yi ka zo nan. Yayi shiru. Abokin aikina da ke gefe ya buɗe baki zai jero tambayoyin da ke fom, na taɓa ƙafarsa. Ni na san shirun nan, na rayu a cikinsa, na san yadda ake ji idan magana tana hanya wani ya riga ka ya cike gurbin. Na ajiye birona kamar yadda dattijon lauyan nan ya yi min. Ya fi minti biyu kafin ya fara, kuma da ya fara bai tsaya ba sai da ya yi kusan awa. Maigadi ne a wani wurin ajiyar kaya, aka yi sata a daren da ba shi ke aiki ba, aka kwashe su su huɗu, ukun 'yan uwansu suka tsaya musu suka fita, shi ba kowa a kusa. Sau biyu aka kai shi kotu a farko, daga nan ba a sake kiran sunansa ba. Shekara huɗu da wata bakwai. Yana lissafe da watannin bai ɓata ko ɗaya ba. Da ya gama yace ɗana, tunda na shigo nan ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi sai kai.

A nan na karya dokar Malama. Zuciyata ta karye, na ga abin a fili yake, nace Baba in sha Allahu nan da sati biyu ko uku kana gida. Fuskarsa ta washe, ya kama hannuna da hannu biyu.

Neman fayil ɗinsa kaɗai ya ci mana sati biyar. A gidan yarin akwai takardar tsarewa mai lamba, muka bi lambar zuwa rajistar kotu aka ce alƙalin an canza masa wurin aiki tuntuni, fayilolinsa suna sito, muka yi kwana uku muna ɗaga ɗaurin takardu cikin ƙura har muka same shi, siriri, shafi bai fi goma ba, rabin bangon gara ta ci. Abin da ke ciki na ƙarshe shine an ɗage shari'a ana jiran shawarar ofishin masu gabatar da ƙara, kuma ba alamar an taɓa aika musu da komai. Na rubuta takardar neman beli da takardar rantsuwa da hujjojin doka, Malama ta mayar min da ita sau huɗu da jan biro, a nan aikin Jessup da na mujalla suka yi min rana don kowace shari'a da na ambata sai da na karanta ta da idona, kuma na rubuta amsar duk abin da nake zaton lauyan gwamnati zai kawo. Aka sa rana, ba a kawo shi daga gidan yari ba, wai babu mota. Aka sake sa rana, lauyan gwamnati bai zo ba. Ta uku kotun ba ta zauna ba.

Duk sati biyu ina komawa wurinsa, kuma babu abin da ya taɓa yi min nauyi a rayuwa kamar shiga ɗakin nan bayan sati ukun da na faɗa sun wuce. Bai taɓa tuna min ba. Amma wani da suke ɗaki ɗaya ya gaya min tun ranar da na yi maganar ya rabar da bargonsa da 'yan kayansa, yace shi ai tafiya zai yi. Na je na faɗa wa Malama abin da na yi. Ta cire gilashinta ta dube ni tace yanzu ka gane dalilin dokar, je ka ba shi haƙuri da bakinka, kuma ka gaya masa gaskiyar inda ake. Na je, in'ina ta kama ni sosai ranar, da ƙyar na haɗa Baba ka yafe min, ban da ikon faɗin abin da na faɗa maka. Shi ya koma yana lallashina, yace ɗana ai kana zuwa, zuwan ma wani abu ne.

Wata biyar bayan haɗuwarmu ta farko aka saurari ƙarar. Malama ta tsaya, ni ina bayanta a benci da kwafin takardun, ina jin jimlolin da na rubuta da tsakar dare suna fita daga bakinta a gaban alƙali na gaske. Lauyan gwamnati ya tashi yace ba su da fayil ɗin binciken kuma ba su da shaida ko ɗaya da za su kawo. Alƙali ya kori ƙarar ya sallame shi, ko belin ma ba a kai ga maganarsa ba. Gaba ɗaya bai fi minti goma sha biyar ba. Baba bai gane abin da aka ce ba sai da na matsa kusa na faɗa masa, ya zauna a ƙasa a harabar kotun ya rufe fuskarsa da hularsa. Kafin ranar mun riga mun nemo wani ƙaninsa da ya ɗauka Baba ya rasu, shi ya zo ya tafi dashi. Ban sake ganinsa ba.

Abin da na gaya wa ƙanina shine ya shiga, amma ɗaya ko biyu, kuma ya fara tabbatar da karatunsa na tsaye don ba ƙungiyar da za ta zauna masa jarabawa. Nace ya duba wa ke kula da ƙungiyar da kuma aikin da take sa mutum ya yi da hannunsa, don akwai waɗanda ba abin da suke yi sai buga riga da raba satifiket, kuma mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi tambaya biyu zai yi maka ya gane ko suna kawai ka rubuta a takarda. Nace kuma kar ya raina ƙaramin aikin da za a fara ba shi.

Fayil huɗu na riƙe a kilinik kafin in gama. Na Baba ɗaya, wani matashi ya samu beli, na uku aka yi masa shari'a aka same shi da laifi aka kuma lissafa masa zaman da ya riga ya yi. Na huɗun ban gama shi ba, tuhumarsa mai nauyi ce kuma takardunsa sun fi na kowa rikicewa, ranar da zan tafi na miƙa shi ga wata 'yar aji uku tare da littafin da nake rubuta duk inda na je da wanda na gani da abin da aka ce min. Ita ma ta gama bara ta miƙa wa wani. Shekarata biyu ina aiki yanzu, ina tsayawa a kotu da in'inata, kuma duk farkon wata ina kiran kilinik ɗin in tambayi inda aka kwana. Wancan satin yaron da ke riƙe da fayil ɗin yace min an sa rana a wata mai zuwa, kuma wannan karon shaidu sun amsa za su zo. Don Allah ku sa bawan Allahn nan a addu'a.